Bafa, fflush da fsync: tambayoyi da amsoshi ga masu rubuta manhaja inda wuta ba ta da tabbas

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin matasan da ke koyon C da Python a yankinmu, daga Auyo da Kafin Hausa har Gumel da Maigatari. Wasu ɗalibai ne da suka dawo hutu da tsohuwar laftof, wasu kuma sun haɗa 'yar na'ura tana rubuta awon ruwan burtsatse ko nauyin buhunan shinkafa a injin casa. Kukan nasu kusan ɗaya ne: manhaja ta ce ta rubuta, a je a duba a tarar ba komai. Misalan na Linux ne da glibc, wato laburaren C da aka fi amfani da shi a Linux, sai inda na ambaci Windows ko Arduino.

1. Malam, mece ce bafa, kuma me ya sa `printf` ba ya fitar da rubutu nan take?

Bafa ɗan yanki ne na RAM da laburaren C yake ware wa kowace magudanar bayanai, wato duk fayil ɗin da ka buɗe da `fopen`, da `stdin` (magudanar shigarwa) da `stdout` (magudanar fitarwa) waɗanda ake buɗe maka tun kafin `main` ya fara. In ka kira `printf` ko `fprintf` ko `fwrite`, haruffan ba su bar manhajarka ba tukuna. An kwafe su ne zuwa bafa, suna jira. Sai ta cika, ko wani dalili ya taso, sannan laburaren zai kira `write` ya miƙa su gaba ɗaya ga kanel, wato zuciyar Linux mai kula da diski da sauran na'urori.

Dalilin kuwa tsada ce. Duk kiran da manhaja za ta yi wa kanel sai an dakatar da ita, an shiga kanel an yi aikin, sannan a dawo mata. Wanda zai rubuta haruffa miliyan ɗaya ɗai-ɗai ba tare da bafa ba, kira miliyan ɗaya zai yi. Da bafa mai bayit 4096, kira 245 ya isa. Kamar motar kasuwa ce a tasha: direba ba ya tada mota don fasinja ɗaya, sai ta cika. `fflush` shi ne mai gaggawar da ya biya kuɗin kujerun da suka rage ya ce a tafi. Tsarin ya daɗe: ya zo da bugu na 7 na Unix a 1979, ya shiga ƙa'idar C a 1989, har yau kuma bai canza sosai ba.

2. Yaushe bafa ke zazzage kanta ba tare da na sa ta ba?

Ya danganta da salon da aka ɗora ta a kai, salon kuma uku ne. A `_IOFBF` ba ta fitarwa sai ta cika. A `_IOLBF` tana fitarwa duk sanda ta ga alamar sabon layi, `\n`, ko in ta cika. A `_IONBF` ba tarawa sam, abin da ka ba ta shi take miƙawa. Fayil ɗin da ke kan diski yana salo na farko, `stderr`, magudanar saƙonnin kuskure, yana na uku. `stdout` shi ne mai rikita mutane, domin salonsa yana bin inda aka haɗa shi: in taminal ce, layi-layi, in fayil ne ko bututu (hanyar da ke kai fitarwar wata manhaja zuwa shigarwar wata), sai bafa ta cika. Daga nan matsalar da ke tambaya ta 4 ta samo asali.

Ban da wannan, `fclose` yana zazzagewa kafin ya rufe, `fseek` ma haka, sannan `exit` ko dawowa daga `main` yana zazzage duk magudanan fitarwa. In kana son canza salo, `setvbuf(stdout, NULL, _IOLBF, 0)` zai yi, da sharaɗin ka kira shi kafin ka rubuta ko ka karanta komai ta wannan magudanar. A Windows kada ka dogara da salon layi-layi, laburaren Microsoft yana ɗaukar `_IOLBF` tamkar `_IOFBF`.

3. Na sa manhaja ta riƙa buga ɗigo ɗaya kowace daƙiƙa don a san tana aiki, amma sai ta gama ɗigon suke fitowa a tare. Me ya faru?

Babu `\n` a cikin `printf(".")`, don haka ɗigon suna taruwa yayin da `sleep(1)` ke cin lokaci. Sa `fflush(stdout)` bayan kowane ɗigo, magana ta ƙare. Haka nan rubutun neman bayani irin `printf("Shigar da nauyi: ")`. Shi wannan yakan bayyana da kansa a glibc in `scanf` ko `fgets` ne suka biyo baya, domin laburaren yana zazzage `stdout` kafin ya tsaya jiran madannai. Sai dai alfarma ce, ba kowane laburare ke yinta ba, kuma ba ta aiki in da `read` kake karantawa kai tsaye. Layi ɗaya ne, ka rubuta shi kawai.

4. A taminal komai yana fita daidai. Da na juya shi zuwa fayil ko na haɗa da `tee`, sai shiru na tsawon lokaci, saƙonnin kuskure kuma suna riga sauran fitowa.

Manhajar ba ta lalace ba, salon `stdout` ne ya koma na sai-ta-cika, kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 2. A ce na'urarka tana rubuta layi ɗaya mai haruffa 40 duk minti ɗaya game da famfon sola. Kafin bayit 4096 su taru an haura minti 100. Duk wannan lokacin `tail -f` ba zai nuna maka komai ba, kai kuwa kana zaune ƙarƙashin tanki kana zargin waya ta tsinke. `stderr` ba ya jira, shi ya sa saƙonsa ke shiga gaba ko da a manhaja shi ne na baya. Masu Raspberry Pi su lura: manhajar da systemd, mai tayar da manhajoji in an kunna na'ura, ya tayar ita ma ba taminal take gani ba, don haka `journalctl` zai yi irin wannan shirun.

In kai ne mai manhajar, sa `setvbuf` a farkon `main` ko `fflush` bayan kowane layi mai muhimmanci. In ta wani ce, gwada `stdbuf -oL` a gabanta. Yana aiki ga manhajojin da ke amfani da stdio na laburaren da ake lodawa lokacin gudu, ba ya taɓa waɗanda aka haɗa laburarensu a jikinsu. `grep` yana da `--line-buffered`, `sed` yana da `-u`, Python ma `-u`. In bututun dogo ne, kowace manhaja a cikinsa tana da tata bafar, guda ɗaya ta isa ta tsayar da kowa.

5. Shin dole ne in duba abin da `fflush` ya dawo da shi?

Dole ne, in dai bayanin yana da daraja. `fprintf` yana iya cewa ya yi nasara alhali katin memori ya cika tun ɗazu, domin shi bafa kawai ya zuba wa. Kuskuren yana bayyana ne lokacin da aka kira `write`, wato a `fflush` ko `fclose`. Duka biyun suna dawo da 0 in lafiya, `EOF` in an sami matsala, dalilin kuma yana cikin `errno`. Mutane da yawa suna rubuta `fclose(fp);` su wuce, nan kuwa ne wurin ƙarshe da za a gaya musu gaskiya. Linux yana da na'urar gwaji mai suna `/dev/full` wadda duk abin da aka rubuta mata sai ta ce wuri ya ƙare. Juya fitarwar manhajarka zuwa gare ta. In ta kammala ba ta ce uffan ba, akwai gyara.

6. A aji an nuna mana `fflush(stdin)` don share abin da ya rage bayan `scanf`. Yana aiki a laftof ɗina, amma ya ƙi a ta abokina. Wa ke da gaskiya?

Babu wadda ta yi ƙarya, ƙanena, domin ƙa'idar C ba ta ayyana abin da `fflush` zai yi wa magudanar shigarwa ba. Abin da ba a ayyana ba kuwa kowane laburare yana da damar yin yadda ya ga dama. Tsohon laburaren Microsoft, `msvcrt.dll`, yana zubar da abin da ke bafar shigarwa, kuma da shi tsofaffin Dev-C++ da Code::Blocks masu MinGW suke haɗa manhaja. Shi ya sa dabarar ta yi ta yawo daga littafin wannan ɗalibi zuwa na wancan. Daga Visual Studio 2015 sabon laburaren Microsoft ɗin kansa ya daina yin haka.

POSIX, ƙa'idar tsarukan dangin Unix, a bugun 2008, ya ba shi ma'ana amma a wuri ɗaya: in fayil ne da ake iya matsawa gaba da baya a cikinsa, `fflush` yana daidaita matsayin fayil ɗin a kanel da inda manhaja ta tsaya da karatu. Madannai da bututu ba sa cikin wannan. Akwai `__fpurge` a glibc da `fpurge` a BSD masu zubar da abin da ke bafa, amma ba na ba da shawararsu: ranar da aka juyo wa manhajarka bayanai daga fayil, ba ragowar layi ɗaya za su zubar ba, har da layukan da ke gaba waɗanda aka riga aka ɗebo. Mafita tana tambaya ta 7.

7. To yaya zan rabu da `\n` ɗin da `scanf` ke bari?

Fara da fahimtar abin da ya faru. Ka buga 75 ka danna Enter; `scanf("%d", &nauyi)` ya ɗauki 7 da 5 ya tsaya, `\n` yana nan. `fgets` da ya zo karɓar sunan manomi ya tarar da shi, ya ɗauka ka ba shi layi maras komai, ya wuce. Ƙaramin magani shi ne ka karanta ka zubar har ƙarshen layi: `int c; while ((c = getchar()) != '\n' && c != EOF);`. Lura `c` ɗin `int` ne, ba `char` ba, in ba haka ba ba za ka iya bambance `EOF` da kyau ba. In harafi ɗaya kake nema, sarari a gaban `%c`, wato `" %c"`, yana tsallake ragowar.

Maganin da ya fi ɗorewa shi ne ka daina haɗa su. Karanta kowane layi da `fgets`, sannan ka ciro lambar da `strtol` ko `strtod`. Ta haka in magatakarda ya buga 7o maimakon 70 za ka kama shi ka ce ya sake, maimakon `o` ɗin ya maƙale ya ɓata karatu na gaba. `gets` kuwa an cire shi daga ƙa'idar C tun 2011, duk littafin da ka gan shi a ciki ka san ya tsufa.

8. Manhajata tana faɗuwa, na cika ta da `printf` don in gano wurin, amma na ƙarshen da ke fitowa yana nesa da inda kuskuren yake.

Manhajar da ta mutu ba ta hanyar `exit` ba tana tafiya da abin da ke bafarta. Taɓa adireshin da ba nata ba, `kill -9`, `_exit`, har Ctrl+C in ba ka kama siginar ba, duk ba sa zazzage komai. `abort` ma kada ka dogara da shi. Saƙonnin binciken kuskure a `stderr` ake rubuta su. In kuma kana so Ctrl+C ya rufe fayil lafiya, kada ka kira `fflush` ko `printf` daga cikin mai kama sigina, ba sa cikin ayyukan da aka yarda a kira a can. Ka ɗaga tuta mai nau'in `volatile sig_atomic_t`, babban zagayen manhajar ya gan ta ya fita ta ƙofar da ta dace.

9. Na kira `fflush` bayan kowane layi, har na duba da `cat` na ga bayanin a fayil. Wuta ta ɗauke, da na kunna layukan ƙarshe babu su. Ina suka shiga?

Wannan ce tambayar da ta fi shafarmu, kuma yawancin littattafan koyon C suna wuce ta da sauri don an rubuta su ne inda wuta ba ta ɗaukewa. Tsakanin `fprintf` da diski akwai zango uku. Na farko bafar laburare, a cikin manhajarka. Na biyu ma'ajin kanel, wanda shi ma RAM ne. Na uku 'yar ma'ajiyar da ke jikin diskin ko katin kansa. `fflush` daga na farko zuwa na biyu kawai yake kaiwa. Bayan shi, ko manhajarka ta faɗi bayanin ya tsira, amma in wuta ce ta ɗauke ya tafi. `cat` kuma daga ma'ajin kanel ya karanto maka, shi ya sa ka gani da idonka ka sakankance.

Linux ba ya gaggawar rubutawa. A yadda yake zuwa, sai bayani ya yi daƙiƙa 30 a ma'aji ake ɗaukarsa ya isa fita, mai kwasar kuma duk daƙiƙa 5 yake farkawa. Za ka ga 3000 da 500 a `dirty_expire_centisecs` da `dirty_writeback_centisecs` ƙarƙashin `/proc/sys/vm`. Yanzu ka ɗauki injin casa da magariba. Laftof ɗin batirinta ya mutu tun bara, a jikin janareto take. An ɗora buhun ƙarshe a sikeli, magatakarda ya danna Enter, allo ya nuna an ajiye, ya ɗaga hannu, mai inji ya kashe. Tsakanin Enter da kashewa bai kai daƙiƙa goma ba. Gobe da safe manomi yana cewa buhu goma sha huɗu, kwamfuta tana cewa sha uku, kuma ita za a gaskata.

Abin da ya rage shi ne `fsync`, mai sa kanel ya tura bayanin fayil zuwa diski ya jira a kammala. Tsarin: `fflush(fp)` tukuna, sannan `fsync(fileno(fp))`, a duba sakamakon kowanne, sai bayan nan a nuna wa mutum an ajiye. In ka juya su, `fsync` zai tura abin da kanel ke da shi ne kawai, sabon layin yana can a bafarka. `fclose` ba ya kiran `fsync`. `fdatasync` ya ɗan fi sauƙi, yana barin bayanan da ba a buƙatarsu wajen karanto fayil, irin lokacin da aka taɓa shi. A Windows takwaransa `FlushFileBuffers` ne ko `_commit`, a macOS kuwa sai an haɗa da `F_FULLFSYNC` kafin a tilasta wa diskin kansa.

10. Ke nan in riƙa kiran `fsync` bayan kowane layi?

Tambayi kanki, 'yar'uwa, me za a yi asara in layin ya ɓata. In ciniki ne, kuɗi ko nauyin kayan wani, i, kowane layi; ɗan jinkirin da za a yi bai kai lokacin da ake ɗauka ana sauke buhu daga sikeli ba. In awon zafin batir ne da ake ɗauka duk daƙiƙa, a'a. Tara na minti ɗaya ko biyar ki rubuta a tare. Katin memori yana gogewa ne a manyan yankuna, kowane yanki kuma yana da iyakar yawan gogewar da zai jure, don haka ƙananan rubuce-rubuce masu yawa suna tsufar da shi da wuri.

Kuma `fsync` bai fi ƙarfin kati maras kyau ba. Kati yana iya cewa ya gama alhali yana kan jera abubuwa a cikinsa, wuta ta yanke a nan ta ɓata har abin da aka rubuta tun jiya. Na'urar da ke kan sola ta fi buƙatar ta riƙa auna ƙarfin batir, ta kashe kanta cikin tsari kafin ya yi ƙasa, musamman da asuba lokacin damina in an kwana biyu ana hadari. In bayanan sun fara yawa, ki koma SQLite, ƙaramin rumbun bayanai, an riga an sha wahalar wannan lissafin a cikinsa. Ko a salonsa na WAL, mai fara rubuta canji a wani fayil na gefe, da `synchronous=NORMAL`, abin da yankewar wuta za ta iya ci shi ne cinikin ƙarshe-ƙarshe, ba za ta lalata rumbun ba.

11. Fayil ɗin saituna ya koma fanko bayan an ɗauke wuta. Ta yaya ake sake rubuta fayil gaba ɗaya ba tare da wannan haɗarin ba?

`fopen` da `"w"` yana share tsohon abin da ke ciki tun kafin ka rubuta sabo, tsakanin nan ba ka da ko ɗaya. Hanyar da aka sani ita ce: rubuta sabon a wani fayil na wucin gadi a cikin folda ɗaya, `fflush`, `fsync`, rufe, sannan `rename` a kan tsohon. `rename` a POSIX ba ya tsayawa rabi, ko tsohon ko sabon. Daga nan ka buɗe foldar kanta da `open` ka yi mata `fsync`, domin sunan fayil a folda yake zaune. Wanda ya tsallake `fsync` na farko yana iya tashi da suna sabo, ciki fanko. Hakan ya sami masu amfani da ext4, tsarin jera fayil a diski na Linux, da dama a 2009, har aka sa wa kanel 2.6.30 dabarar rage abin, amma dabarar ext4 ce, ba ta bin ka zuwa filashin da ke kan FAT32.

12. In `fsync` ya dawo da kuskure, in sake kiransa?

Kada ka ɗauki nasarar kira na biyu a matsayin an rubuta. A 2018 masu haɓaka rumbun bayanai na PostgreSQL suka gano cewa a Linux, in rubutu ya gaza, kanel yana iya ɗaukar shafukan a matsayin an gama da su, sai `fsync` na gaba ya ce lafiya alhali bayanin bai taɓa isa diski ba. Gyaran da suka yi shi ne rumbun ya tsaya cak in hakan ta faru, ya farfaɗo daga littafin ajiyarsa. Kai ma haka: gaya wa mai aiki ba a ajiye ba, ka sake rubuta bayanin daga tushe, zai fi kyau a wani katin.

13. Na yi `printf` sau ɗaya kafin `fork`, amma a fayil layin ya fito sau biyu.

`fork` yana raba manhaja gida biyu, uwa da ɗa, yana kwafe ƙwaƙwalwarta dukanta, har da bafar da ba a zazzage ba. Uwa da ɗa kowanne yana riƙe da kwafin layin, kowanne kuma zai fitar da nasa in ya kira `exit`. A taminal ba ka gani ba don `\n` ya riga ya fitar da shi. Kira `fflush(NULL)` kafin `fork`, wannan yana zazzage duk magudanan fitarwa. A ɓangaren ɗan kuma, in `exec` ya gaza, fita da `_exit`. Abin da ya zama illa a tambaya ta 8 shi ne amfaninsa a nan.

14. Na buɗe fayil da `"r+"`, ina karantawa ina rubutawa, bayanai suna faɗawa inda ban nufa ba.

Bafa ɗaya ce ke yi wa ɓangarorin biyu aiki. Ƙa'idar C ta ce bayan rubutu ba a karatu sai an gitta `fflush` ko `fseek` ko `fsetpos` ko `rewind`. Bayan karatu kuma ba a rubutu sai an gitta ɗaya daga masu matsawar nan uku, sai fa in karatun ya kai ƙarshen fayil. `fseek(fp, 0, SEEK_CUR)` ba ya matsar da kai ko'ina, amma ya cika sharaɗin. Haka kuma kada ka cakuɗa `fprintf` da `write` a kan fayil ɗaya ba tare da `fflush` a tsakani ba, na biyun zai riga na farkon isa.

15. Ina magana da modem ɗin GSM ta siriyal. `fflush` zan yi amfani da shi, ko `tcflush`, ko `Serial.flush()`?

Aikinsu ya sha bamban, kuma nan ake yawan yin ɓarna. `tcflush` zubarwa yake yi: da `TCIFLUSH` yana watsar da abin da ya shigo ba a karanta ba, da `TCOFLUSH` yana watsar da abin da ka rubuta bai fita ba. Mai jira har bayit na ƙarshe ya bar waya shi ne `tcdrain`. Kafin ka aika umarnin AT, wato umarnin da ake ba modem, `tcflush(fd, TCIFLUSH)` yana share tarkacen da modem ya zubo lokacin kunnawa. Bayan ka aika, in za ka kashe modem ko ka juya layin RS-485 zuwa sauraro, `tcdrain` kake so. A gudun bit 9600 a daƙiƙa, kusan bayit 960 ke fita a daƙiƙa, don haka `write` yana dawowa tun saƙon bai yi nisa ba.

A Arduino, `Serial.flush()` yana jiran fitar abin da aka aika ne tun bugu na 1.0 a 2011. Kafin nan zubar da abin da ya shigo yake yi, shi ya sa tsofaffin misalai ke ruɗa mutane. Don share shigarwa, karanta ka zubar muddin `Serial.available()` yana nuna akwai saura. Bafar karɓa a Uno bayit 64 ce kacal. In kana cikin dogon `delay` amsar modem ta zo, abin da ya haura ya zube.

16. A C++ da Python fa?

Zangon ukun nan na tambaya ta 9 ba su canza ba. `std::endl` sabon layi ne haɗe da zazzagewa, don haka a zagayen da ke rubuta layi dubbai `'\n'` ya fi, ka ajiye `std::flush` don inda ake buƙata. `cin` a ɗaure yake da `cout`, yana zazzage shi kafin ya karanta. A Python akwai `print(..., flush=True)` tun bugu na 3.3, da `PYTHONUNBUFFERED` ga manhajar da systemd ke tayarwa. Fita daga `with open(...)` yana rufe fayil ne kawai, mai son ya kai diski sai ya yi `f.flush()` sannan `os.fsync(f.fileno())`.

17. Manhajoji biyu suna magana ta bututu, sai duka suka tsaya ba mai motsi.

Ɗaya ta rubuta tambaya ta zauna jiran amsa, tambayar kuwa ba ta bar bafarta ba. Duk sanda za ka koma sauraro, zazzage abin da ka faɗa tukuna. Akwai kuma nau'i na biyu: bututu a Linux yana ɗaukar bayit 65536, in ya cika mai rubutu yana tsayawa har a kwashe. Uwar da ke karanta `stdout` na ɗanta ta manta da `stderr` tana iya jira har abada.

A TCP, ƙa'idar aika bayanai ta intanet, babu `fsync`. Nasarar `send` tana nufin kanel ɗinka ya karɓa, ba ta nufin saƙo ya isa. Inda sabis ke zuwa yana tafiya, kada ka goge bayani daga kati sai ɗaya ɓangaren ya aiko da amsar cewa ya ajiye. `TCP_NODELAY` yana kashe dabarar Nagle ta 1984 mai tara ƙananan saƙonni, yana rage jinkiri, amma ba ya ba da tabbacin isa.

18. An gama kwafe fayil zuwa filashi, me ya sa cirewa lafiya ke ɗaukar lokaci?

`cp` ya gama miƙa wa kanel ne, kanel bai gama miƙa wa filashi ba. `umount` ko `sync` suna jira har a kammala, jiran da kake gani shi ne ainihin kwafewar. Windows 10, daga bugun 1809, ya mayar da cirewa da sauri ya zama tsarin asali ga filashi, wato ya rage tarawa, amma ko a can ba a zarewa ana tsakiyar rubutu.

19. Ta yaya zan tabbatar da duk wannan da kaina?

Gudanar da manhajarka ƙarƙashin `strace -e trace=write,fsync,fdatasync,rename`. Za ka ga kowane kira da adadin bayit ɗinsa. In `rename` bai bayyana ba, ƙara `renameat` da `renameat2`, wasu na'urorin da su suke aiki. Gwada sau ɗaya a taminal, sau ɗaya da juyawa zuwa fayil, ka kwatanta: layi-layi a na farko, dunƙule-dunƙulen 4096 a na biyu. `grep Dirty /proc/meminfo` yana nuna yawan abin da ke ma'ajin kanel bai kai diski ba. Kwafi babban fayil ka ga lambar ta hau, kira `sync` ka ga ta sauka.

Gwajin wuta kuwa sai da zare waya, `kill -9` ba ya kwaikwayonsa domin kanel yana nan da rai zai ƙarasa rubutun. Sami katin da ba ka damu da shi ba, sa manhajar ta riƙa rubuta lambobi a jere tana buga kowace lamba a allo bayan `fsync` ya dawo, zare wutar ana tsakiyar aiki, kunna, ka kwatanta lambar ƙarshe da ka gani da ta ƙarshe a fayil. Maimaita da yawa, da `fsync` da kuma babu shi. In lambar da allo ya nuna ta ɓata duk da `fsync`, katin ne, canza shi kafin ka kai na'urar gona.